Wata Biyu a Idon Inna

Zuwa ga ɗan'uwana, abokin zuwana duniya, Husaini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake, idan har a bisa ƙasar kake. Hassana ce. Na san ba ka da haƙurin dogon karatu, tun muna firamare ni nake karanta maka kana gyangyaɗi, amma wannan karon sai ka daure. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na baza maganar a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta faɗa hannun wanda ya san fuskarka. Masu leƙowa su yi mini afuwa, zancen cikin gida ne.

Mutanen gida suna lafiya. Yaya Sale yana nan da nomansa, furfura ta fara cin gemunsa. Ni har yanzu ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yanmata a Gumel, ƙarshen mako in tafi ƙauye wajen Inna, can bayan Sule Tankarkar. Jar akuyarka ta mutu tuni, amma ta bar jikoki masu irin halinka, ba dangar da ba su ƙetare ba. Maganar Inna ce ta sa na zauna rubutun nan.

Ka tuna ranar Alhamis ɗin da ka hau motar hatsi a kasuwar Maigatari, ka ce Damagaram za ka je ka dawo. Daga baya ka kira daga Agadas, muryarka tana yankewa, ka ce ka sami abokan tafiya za ku ƙara yin arewa, a gaida Inna. Shi ke nan abin da muka riƙe. Na daina ƙirga daminar da ta wuce tun daga ranar, don ƙirgar ba ta ƙara mini komai sai hawan jini.

Inna kuwa ba ta sake ka ba ko na yini ɗaya. Ka san ƙa'idarta a kanmu: ba a ba tagwaye abu a bar ɗaya. In ta saya mini ɗankwali sai ta saya maka hula. In na yi laifi ta ranƙwashe ni, kai ma sai ta kira ka daga wajen wasa ta ranƙwashe ka, wai kada ɗaya ya ji haushi ya turo mata kunama. To har yau haka take. Duk ranar da na je, fura biyu take damawa. Tawa in sha, taka a rufe da faifai a ajiye bakin gadonta har ta yi tsami, washegari jikokin akuyarka su shanye. Gonarka Yaya Sale yake noma, amma damman da ta bayar rumbunsu daban, kuma ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya. Da liman da dattawa suka zo suka ce lokaci ya yi da za a yi maka sadaka a fawwala wa Allah, ta bar su suka gama, sannan ta ce ita ba ta ga gawa ba. Ba su sake dawowa da zancen ba.

Ka kuma san idon Inna. Duk ƙauyen ba mai riga ta ganin jinjirin wata. Maza su hau tudun bayan masallaci su yi ta hangen yamma har wuya ya ƙage, a ƙarshe dai a turo a tambayi Inna ta cikin danga. To a duban watan azumin da ya gabaci na bara, ina tsaye kusa da ita bayan magariba, ta daɗe tana kallo, sai ta ce ta gan su. Na ce su wa? Ta ce biyu ne, ɗaya tas, ɗayan dishi-dishi, ya ɗan yi arewa da ɗan'uwansa. Ni da Yaya Sale muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Na arewan Husaini ne. Yana da rai." Nan take na daina dariyar.

Na kai ta asibiti a Gumel da ƙyar da lallashi. Likitan ya haska idanun, ya ce yana ce ta rufe su duka biyu, ita ce take raba haske har abu ɗaya ya koma biyu. Ya ce aikin ba wuya, amma in aka bar ta ta ƙosa, Inna za ta daina ganin ko tafin hannunta. Inna ta tambaye shi, in an yi aikin wata nawa za ta gani. Bawan Allah, shi a zatonsa albishir yake yi, ya ce ɗaya tak, kamar kowa. Inna ta fara lalubar takalmanta da ƙafa. Kafin in gama ba shi haƙuri ta kai bakin ƙofa, tana tsayar da adaidaita sahu da kanta.

Ka san ni da zuciya. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na ƙi zuwa mako guda, na dawo don kaina. Yaya Sale ya yi nasa, liman ya yi nasa. Ido kuwa kullum ƙara rufewa yake. Ta fara zuba gishiri a koko, ta fara kiran kaji da sunan da ba nasu ba. Amma duk magariba tana bakin danga, fuskarta a sama.

Wata rana tana tsinkar zoɓo ina taya ta, sai ta ce, tunda ni aikina koyar da yara yadda sama da ƙasa suke, in faɗa mata: da a ce da gaske Allah ya rataya wa duniya wata biyu, me zai same mu? Nan na ga ƙofa ta buɗe. Na ce a raina, zan faɗa mata abin da masana suke hasashe, ba sukari ba zuma, har ta tsani wannan wata na biyu ta yarda a cire mata shi.

Da teku na fara. Inna ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin garinmu cikin Agusta ba, don haka na ɗebo ruwa a ƙwarya. Na ce mata wata yana jan ruwan teku, kullum sai ruwan ya hau gaɓa ya sake janyewa, yau da gobe, tun farkon duniya. Na karkata ƙwaryar a hankali ta sa yatsa ta ji. Na ce to in su biyu ne, duk ranar da suka jeru layi ɗaya suka haɗa ƙarfi, ga abin da zai faru. Na karkata sosai, ruwan ya zube mata a zane. Na ce haka zai hau garuruwan bakin teku, gishiri ya shiga gonaki da rijiyoyi, mutane su kwashe 'ya'yansu su yo tudu. Ta matse zanenta ta ce Allah ya kyauta musu, amma mu ina ruwanmu da teku.

Na ce Inna, ruwan da muke sha daga can yake zuwa. Iskar nan mai ɗanshi da take tasowa daga kudu ƙarshen bazara, wadda kike cewa kina jin ta a gwiwarki, daga bisa teku take ɗauko hadari. In aka canza yadda tekun yake motsi, ruwan ɗumi da na sanyi suka sauya wurin zama, hadarin zai iya zuwa da wuri, ko ya makara, ko ya je ya juye a wata ƙasa mu ya bar mu da kallon sama.

Sai ta tafa hannu ta ce ashe shi ya sa. Ka ga, a shekarar Yaya Sale ya yi binne, wato shuka kafin saukar ruwa, aka yi ruwa ɗaya, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke ƙafa har shukar ta ƙone, aka sake sabon iri. Can cikin damina kuma ruwan ya zo a fusace ya kayar da katangar zaure. Na ce mata wannan dalilinsa daban ne, duniya ce take ƙara zafi, ga itatuwa an sare, watanki na biyu a cikin idonki kawai yake. Ko a jikinta. Na je neman tsoratar da ita, na ƙare da ba ta shaida. Ranar ko sallama ban yi mata da kyau ba na hau mota.

Mako na gaba na zo da katantanwa. Na san za ka tuna, ba yaron da ya kai ka iya murza ta a unguwa, taka tana tsaye tana juyi ta kowa ta kwanta. Na murza mata a kan faifai, na ɗora hannunta kusa ta ji iskar. Na ce duniya haka take juyi, amma a ɗan karkace, kuma wannan karkatar ce take kawo mana damina da rani. Watan da muke da shi yana taimakawa wajen riƙe ta kada ta yi ta layi. In wani ya zo yana ja ta wani gefen, sannu a hankali, cikin zamunnan da ba mai iya ƙirgawa, za ta iya fara tangaɗi. In karkatar ta ragu, hadari zai riƙa tsayawa can kudu, Gumel da Gagarawa su koma rairayi, riɗi ma ba zai yi ba balle dawa. In ta ƙaru, damina za ta haura arewa har ciyawa ta fito a Agadas, amma zafin bazara ya zama na kisa, sanyi ma haka. Na ƙara mata da cewa jan da suke yi zai riƙa rage wa duniya saurin juyi, yini ya yi tsawo, rana ta daɗe a kan shuka har ta dafa ta a tsaye.

Duk wannan bayanin, kalma ɗaya Inna ta tsinta. Ta ce, "Ciyawa a Agadas? To ashe zai sami ruwan sha." Na tashi kamar zan kora kaji, na zaga bayan rumbunka na yi kukana na share fuska na dawo.

Ban haƙura ba. Na faɗa mata duhu zai yi ƙaranci, don in wannan ya faɗi wancan yana sama. Mujiya da dila za su yi ƙiba, zomo da gafiya su rasa lokacin fita kiwo har su ƙare, daga nan masu cin su ma su bi su. Zakaru za su riƙa cara ba lokaci ba, shanu su kasa kwanciya su yi tuƙa. Ta ce aƙalla ɓarayin shanu za su sha wuya, kuma kunama ba ta son farin wata, ita wannan bai dame ta ba. Na ce ƙasa kanta za a riƙa matsa ta ana saki kamar ƙullin fura, duwatsu su yi ta aman wuta, toka ta rufe rana, a yi shekarar da ba kaka. Na ce wata zai riƙa yin zazzaɓi a kai a kai. Nan ta yi dariya har da hawaye, ta tuna ranar da wata ya yi zazzaɓi muna yara, kowa ya fito da gwangwani yana bugawa, kai ka ɗauko tukunyar miyarta ka buga har ta tsage. Ni ma ta dake ni a kan tukunyar nan, Husaini, ban manta ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan girgiza ta. Na tambaye ta da wane watan za a ɗauki azumi, da wanne za a sauke. Da wanne mai takaba za ta ƙirga kwanakinta. Da wanne mai ciki za ta san lokacinta ya yi. Ka san matan ƙauyen nan Inna ce take riƙe musu lissafin cikinsu a ka, in ta ce wance watan gobe ne, to a tanadi itacen wanka. Ta ce lallai wannan da rikici. Amma da magariba ta yi, tana bakin danga.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Tun da ka tafi, duk Alhamis ɗin da na sami sarari bayan an tashi makaranta, Inna sai ta ce in leƙa Maigatari. Ina bin layin manyan motoci da hotonka a waya. Direbobin Damagaram har sun san ni, suna ce mini madam ta lakwal, wato malamar makaranta. Wani ya ce ya gan ka kana sayar da shayi. Wani ya ce ya ga kabarin mai kama da kai, ban san yadda kabari yake kama da mutum ba. Wani ya kalli hoton da kyau, sannan ya ce in ba shi lambata.

Cikin bazarar nan aka ce wani ya dawo daga arewa, yana wani ƙauye gaba da Gagarawa Tasha, kuma ya zauna ɗaki ɗaya da wani Husaini ɗan tagwaye. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, bayan shekarun da na yi ina roƙo. Maigidana ya ce in bari. Na kalli Inna tana lalubar butarta, na kasa bari. Na hau acaɓa a kan hanyar rairayi da ramuka, rana tana dukan tsakar kaina. Mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya kalli hoton, ya ce ba kai ba ne, nasa Husainin baƙi ne dogo. A hanyar dawowa na fara jin marata. Kafin wayewar gari cikin ya zube. Ban gaya wa Inna ina da shi ba, don haka ban gaya mata na rasa shi ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji haushinka a kan gadon asibitin nan, haushin da ban taɓa ji ba tun da aka haife mu.

Da na sami ƙarfi na koma ƙauye. Bayan azahar ne, muna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, tana ɓarar gyaɗar iri da lalube. Ban zo da ƙwarya ba, ban zo da katantanwa ba, na gaji. Ita ce ta tayar da zancen. Ta ce na faɗa mata farkon abin da tsakiyarsa, to ƙarshensa fa? Watannin nan biyu haka za su yi ta tafiya tare har tashin duniya?

Na ce da wuya. Na ce kowanne yana jan ɗan'uwansa, kullum hanyarsu tana ɗan gocewa. A ƙarshe ko dai ɗaya ya ɓalle ya yi nisa har a daina ganinsa, ko kuma su matso juna su yi karo. In sun yi karo, gutsattsarinsu wasu su zubo mana kamar ruwan duwatsu, sauran su yi wa duniya zobe a sama. Ta tambaya, in sun yi karon, wanne ne yake fashewa, na nesan ko na kusan. Na ce duka biyun.

Ta ajiye gyaɗar. Ta miƙo hannu tana neman nawa, na ba ta. Awarwaron da ta sa mini ranar aurena, wanda da sai da sabulu yake fita, ya zame ya tafi har gwiwar hannu. Ta mayar da shi, ya sake zamewa. Sai ta ɗora tafinta a kan cikina. Ashe Inna ta sani. Tun ranar da na ture furarta na ce tana mini ƙarni take ƙirga mini wata a ranta, tana jiran in faɗa da bakina. Ta ce a lissafinta ya kamata a ce ya tasa, ina yake? Na faɗa mata komai, har da acaɓan, har da baƙin Husaini dogo.

Ba ta yi kuka ba. Hannunta yana nan a kan cikina har aka kira la'asar. Sannan ta ce, "Ki gaya wa likitan nan ina zuwa. Ba zan zauna ina kallon na nesa ba, na kusa yana farfashewa a hannuna."

An yi aikin farkon damina. Ido ɗaya suke fara yi, na dama, ɗayan sai wannan ya warke. Da aka cire mata auduga, ni ta fara gani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce yaushe na tsufa haka, na koma kamar kakarmu. Da muka isa gida ta bi kowa da faɗa, wai ashe cikin ƙazanta muka bar ta tana zaune, ga yanar gizo-gizo har a kan tasoshinta. Yaya Sale ya ce da ya sani da an bar idon yadda yake. Ranar gidanmu ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

Da watan ya zo tsayawa, maza suna kan tudu, Inna tana bakin danga. Ita ta riga kowa, kamar da. Ta nuna da yatsa ta ce ga shi can, ɗaya ne. Yadda ta faɗe shi kamar mai cewa tuwo ya nuna. Ta kira Yaya Sale ta ce masa idan an gama kaka aka yi mata ɗaya idon, a buɗe rumbunka, a sussuke geron, a yi gumba da waina, a kira liman da dattawan da ta sallama a ba su haƙuri. A yi maka sadaka.

Washegari ta dama fura, ta miƙo mini. Ƙwarya ɗaya. Na duba bakin gadonta, ba faifai, ba komai. Husaini, tunda nake a duniya ba a taɓa ba ni abu ni kaɗai a gidan nan ba. Ni da na yi shekara biyu ina yaƙi a kan ta sake ka, na kasa kai ludayin bakina. Da ta fita alwala na ɗauko ƙaramar ƙwarya na raba furar biyu, na rufe taka na tura ƙarƙashin gado. Na san ta gani, yanzu ba abin da yake ɓoye mata. Ta bar ƙwaryar a inda take.

Ni ma na ga nata. Makon da ya wuce na fito da magariba zan kwashe shanya, na hango ta a bakin danga. Ta sa tafin hannunta ta rufe idon da aka gyara, tana kallon sama da na hagun, mai yanar. Leɓɓanta suna motsi. Na matsa a hankali, na zaci addu'a take yi. Labarin gida take ba ka. Tana gaya maka an gyara katangar zaure, riɗin bana ya yi kyau, Hassana ta fara mayar da jiki. Na koma da baya na bar muku wurin. Tun daga ranar, in magariba ta yi, ba na fita tsakar gida sai na ji ta yi gyaran murya.

To ka ji inda muke. Gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka. Daga nan zuwa a ɗaure dammai a kai rumbu, shi ne abin da ya rage maka. Bayan nan za a wanke ɗaya idon, kuma ni da kaina zan riƙe hannunta in kai ta, ba zan fasa ba ko da me. Daga ranar, duk duniya ba sauran wanda zai ɗaga kai ya gan ka.

Idan kana da rai, ba kuɗi muke nema ba, ba tsaraba ba. In kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, wallahi rumbunka a cike yake, ka fi Yaya Sale hatsi. Ka ari wayar wani ka ce Inna, ko ba ka ƙara komai a kai ba. Wanda kuma ya karanta wannan ya san wani mai wushirya, da tabo a girar hagu inda ƙahon saniya ya same shi, mai dariya kafin ya gama ba da labari, don Allah ya ce masa Hassana tana cigiya.

Idan kuma ka riga mu, to ka yafe mana jinkirin sadakar. Ba mantawa muka yi ba, uwarka ce take ganin ka kowace magariba.

Kullum kana tsokanata, wai ba girme ka na yi ba, turo ni ka yi in fara fitowa in duba maka ko duniyar ta zaunu. Na duba maka, na yi kuka, ka ji ka biyo ni. Wannan karon kai ka yi gaba, kuma ba ka waiwayo ka gaya mini yadda hanyar take ba.

Allah, Kai ka san inda bawanka Husaini yake, a bisa ƙasa ko a cikinta. In yana bisa, Ka shayar da shi, Ka suturta shi, Ka juyo da fuskarsa gida kafin a buɗe rumbu. In yana ciki, Ka yalwata masa, Ka haskaka masa da hasken da ya fi na wata, Ka gafarta masa. Ka ba Inna lafiyar idonta na biyu, da ƙarfin zuciyar da za ta kalli sama da shi. Ni kuma Ka koya mini shan fura ni kaɗai, don har yau ban iya ba. Amin.

Wassalam.

Taka, wadda kuka zo tare,
Hassana.